Yadda za ka san amsar ikweshan ɗinka ba za ta faɗa ƙasan sifili ba tun kafin ka warware shi

Ranar wata Asabar da daddare ina zaune a teburin mai shayi nan Agege, wuta ta ɗauke kamar yadda ta saba, sai ga wani yaro ɗan layinmu da ke karatun injiniya da laftof a hammata, fuska duk a yamutse, wai Yaya don Allah duba min wannan abin kafin batir ya mutu. Aikin da aka ba su shi ne su sa kwamfuta ta lissafa yadda zafi ke bin jikin sandar ƙarfe. Ya sa zafi 1 a tsakiyar sandar, sauran wurare duk 0, ya danna, sai ga tsakiyar nan ta koma mainos 0.2, bayan wasu zagaye kuma lambobin suka haukace gaba ɗaya, nan sama can ƙasa kamar haƙoran zarto. Kwana biyu yana tsefe kod ɗin layi bayan layi yana neman inda ya yi kuskuren rubutu, kuma wallahi babu kuskuren ko ɗaya, abin da ya rubuta shi kwamfutar ta yi. Matsalar tana jikin ikweshan ɗin da ya ba ta, kuma da ya san abin da zan faɗa a nan da minti biyu sun ishe shi ganewa, da biro a bayan takardar burodi.

Abin da masu lissafi ke kira maksimum firinsiful ne, ni dai ƙa'idar ƙololuwa nake ce mata. Tana ba ka damar ka ce amsar nan ba za ta taɓa zama mainos ba, ko ba za ta wuce kaza ba, alhali ba ka ma nemo amsar ba tukuna. Kuma yawancin abin da muke lissafawa, zafi ne, kuɗi ne, yawan mutane ne, yawan gishiri a cikin ruwa ne, duk ba su da halin zama mainos, don haka in lissafinka ya ba ka mainos to ko dai tsarin da ka ɗora ne gurgu ko hanyar da ka bi.

Fara da gyara wa ikweshan ɗin zama. Irin ikweshan ɗin da nake nufi shi ne wanda abin da ake nema ba lamba ɗaya ba ce, fankshin ne sukutum, mu kira shi u, kuma darajar u a wani wuri ta dogara da darajarsa a wasu wuraren. Kuma liniya ne, wato u yana fitowa tsirararsa, an dai ninka shi da wata lamba, babu u² babu sin(u) babu u sau u. Ka bar u(x) shi kaɗai a hagu ka kwashe duk sauran ka kai dama, ya koma kamar haka:

u(x) = a·u(wuri na ɗaya) + b·u(wuri na biyu) + … + f(x)

Su a da b ɗin nan nauyi zan riƙa kiransu, f kuma shi ne abin da ake zubawa daga waje. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe don suna duba alamomi tun ikweshan ɗin yana a hargitse, rabi a hagu rabi a dama, sai su ga mainos su firgita alhali in ya tsallaka fulos zai koma. Ka gyara tukuna sannan ka duba.

Da ka gyara sai tambaya biyu. Nauyin nan duk babu mainos a cikinsu? In ka tara su gaba ɗaya, jimillar ta kasa 1? In amsar duka biyun eh ce, kuma f ba ya yin mainos ko'ina, to u ma ba zai yi ba. Dalilin kuwa gajere ne har ya ba ka haushi, kuma shi nake so ka riƙe fiye da komai don shi za ka yi ta maimaitawa da kaya daban-daban. Je ka wurin da u ya fi ko'ina ƙasa, ka kira darajarsa a nan m. A wannan wurin duk maƙwabtan da yake jingina da su ba wanda ya kasa m, ai shi ne na ƙasan kowa, kuma tunda nauyin ba mainos ba ne ninkawa ba ta juya maganar, f kuma ƙari ne kawai. Saboda haka m ya kai aƙalla jimillar nauyi sau m. In jimillar ita ce q, kenan (1 − q)·m ba ya kasa sifili, kuma 1 − q fulos ne, to dole m bai kasa sifili ba. Shi kenan. In na ƙasan kowa bai nutse ba ai babu wanda ya nutse.

Gwada da wannan a tsakanin 0 da 1: u(x) = ½·u(x/2) + x. Nauyi ɗaya ne, rabi, f kuma x ne, ba ya mainos a wannan tsakanin. Ba ka warware komai ba amma ka riga ka san u ba mainos ba ne. In kuma ka juya dabarar ka je wurin da u ya fi ko'ina sama sai ka samu rufi, u ba zai wuce mafi girman f a raba da 1 − q ba, a nan 1 a raba da rabi wato 2. Ainihin amsar 4x/3 ce, ka zuba ta ka gani, ⅓x da x sun ba ka 4x/3 daidai, ƙololuwarta 1.33, tana cikin rufin da muka sa. Kyauta ta uku kuma, amsar ɗaya ce tal, don in da biyu ne sai ka ɗebe ɗaya daga ɗaya, bambancin yana bin ikweshan ɗin da f = 0, shi ba mainos ba kishiyarsa ma ba mainos ba, to sifili ne kenan.

Amma fa akwai rami a cikin maganar nan da na yi, kuma na ga manya sun faɗa ciki. Na ce je ka wurin da u ya fi ko'ina ƙasa, to wa ya ce maka akwai wannan wurin? In filin da kake aiki a kai yana da iyaka kuma iyakar tana ciki, kamar daga 0 zuwa 1 har da su kansu 0 da 1 ɗin, kuma u ba ya tsalle, to akwai. In kuma ɗigo-ɗigo ne masu ƙirguwa kamar na kwamfuta, nan ma akwai. Amma ka ɗauki u(x) = ½·u(x + 1) a kan dukkan layin lambobi, nauyi rabi ne, f sifili ne, komai tsaf, sai ga u(x) = −2^x yana warware shi lafiya lau, rabin −2^(x+1) ai −2^x ne, kuma mainos ne ko'ina. Ƙa'idar ba ta yi ƙarya ba, wannan fankshin ɗin ne ba shi da ƙasa, yana ta zurmawa ba iyaka. Don haka in filinka ba shi da ƙarshe sai ka faɗa ƙarara cewa amsoshin da ba sa zarce wani ƙima kake magana a kai, in ba haka ba hujjarka ta zube. Haka nan ka tabbata wuraren da u yake leƙawa suna cikin filin, x/2 yana cikin 0 zuwa 1 in x yana ciki, amma 2x yana ficewa, a can waje kuwa ba ka san me ke faruwa ba.

To in jimillar nauyin 1 ce cif fa? Wannan shi ya fi yawa a aikace. Ka ɗauki tsinken ƙarfe, kai ɗaya a kan gawayi zafi 100, ɗaya kan a hannu zafi 20, ka sa ɗigo uku a tsakani, kowanne zafinsa rabin na hagunsa da rabin na damansa bayan abu ya daidaita. Amsar 100, 80, 60, 40, 20. Rabi da rabi 1 kenan, dabarar ɗazu ta tsaya don 1 − q ya zama sifili, bai gaya maka komai ba. Sai ka sake dubawa. In wani ɗigo na tsakiya shi ne na ƙasan kowa kuma shi matsakaicin maƙwabtansa ne, to dole su ma daidai suke da shi, don matsakaici ba ya zama ƙasa da duk abin da aka tara. Ka matsa kan maƙwabcin ka sake faɗin haka, ka yi ta matsawa har ka iso bakin sandar. Kenan ƙasan da ƙololuwar duk a baki suke, daga nan ma sunan ƙa'idar ya fito, tsakiya ba ta isa ta fi baki zafi ko sanyi ba in babu wuta ko ƙanƙara a cikinta. Sharaɗin da ake mantawa shi ne kowane ɗigo ya zamana yana da hanyar da za ta kai shi baki. In ɗigo biyu suka ware kansu, wannan yana kallon wancan wancan yana kallon wannan kawai, u₁ = u₂ da u₂ = u₁, ai ko −7 ka ba su sun karɓa.

Inda gizo ke saƙa shi ne in jimillar ta haura 1. Wani lokaci abin yana rushewa nan take, u(x) = 2·u(x/2) + 1, nauyi fulos f fulos, amma u = −1 ko'ina yana warware shi, 2 sau −1 a ƙara 1. Wani lokaci kuma lafiya ƙalau ne, kuma in ka yi saurin yanke hukunci sai ka watsar da tsari mai kyau. Duba wannan:

u₁ = 3·u₂ + 1
u₂ = 0.1·u₁ + 1

Layin farko nauyinsa 3, ya yi wa 1 fintinkau, amma amsar u₁ wajen 5.71, u₂ wajen 1.57, duk fulos. Me ya cece shi? Duk wanda ya taɓa zama kusa da lasifika a wurin wa'azi ko ɗaurin aure ya san amsar ko da bai san lissafi ba. Murya ta shiga makirfo, ta fito ta lasifika, ta dawo ta sake shiga makirfo. In abin da ke dawowa a kowane zagaye bai kai wanda ya fita ba sai amon ya mutu da kansa, in kuwa ya kai ko ya fi sai wannan ƙarar mai tsaga kunne ta tashi har sai wani ya ruga ya janye makirfon. Ba ƙarfin lasifikar kaɗai ne abin dubawa ba, zagayen gaba ɗaya ne. A misalinmu abin da ya bar u₁ ya je u₂ an ninka shi da 0.1, ya dawo an ninka shi da 3, zagaye ɗaya 0.3 kenan, yana mutuwa. In ka rubuta ikweshan ɗin a dunƙule u = Bu + f, inda B matiriks ne, wato teburin da ya tara nauyin gaba ɗaya layi-layi, amsar ita ce f + Bf + B²f + B³f haka har abin ya ƙare, murya da amonta da amon amonta, kowane gutsure a ciki ba mainos ba ne tunda B da f ba su da mainos, don haka muddin tarin yana tsayawa a wata lamba to amsar ba mainos ba ce. Tarin kuwa yana tsayawa ne in babban aigenbaliyu na B, wato lambar da amon ke ninkuwa da ita a kowane taku in tafiya ta yi nisa, bai kai 1 ba. A nan shi ne tushen 0.3, wajen 0.55. Cewa matiriks marar mainos yana da irin wannan babban aigenbaliyu na gaske tare da bekta (jerin lambobi) marar mainos aikin Jamusawa biyu ne, Oskar Perron a 1907 da Georg Frobenius a 1912, sannan Krein da Rutman suka faɗaɗa shi a 1948 ya kama fankshin-fankshin ba matiriks kaɗai ba. Wannan lissafin dai shi ne ƙashin bayan tsarin Wassily Leontief na yadda masana'antu ke cin kayan juna, wanda ya ba shi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1973, can ma tambayar ita ce ko amsar za ta fito ba tare da an ce wata masana'anta ta ƙera mainos na kaya ba.

Amma ni shawarata kada ka tsaya neman aigenbaliyu, wahala ce, in matiriks ɗin babba ne ma ɓata dare ne. Akwai gajeriyar hanya, ka nemo sheda ɗaya. Wato ka laluba wani w wanda fulos ne ko'ina, wanda in ka zuba shi w − Bw ya fito fulos ko'ina. In ka samu ɗaya tak magana ta ƙare, ƙa'idar tana aiki ga kowane f. A misalin nan ɗauki w = (4, 1), Bw ya ba ka (3, 0.4), ragowar (1, 0.6), duk fulos, an gama. Dalilin shi ne in ka auna u da ma'aunin w, wato ka duba u/w maimakon u, sai sabbin nauyin su koma jimillar da ta kasa 1, ka dawo kan hujjar farko. Ita gwajin jimilla ɗin ma ai wannan ce da w = 1 ko'ina, shi ya sa nake cewa ka fara da 1, in bai ci ba ka ba wanda ake ninkawa da babbar lamba ƙaramin kaso ka ba ɗayan babba, sau biyu sau uku yawanci ka dace. In kuwa ka samu akasin haka, w fulos amma Bw ya kai w ko ya fi shi ko'ina, to ka daina wahalar da kanka, zagayen ya kai 1, ƙa'idar ba ta nan. Misali u₁ = 2u₂ + 1 da u₂ = 2u₁ + 1, amsarsu −1 da −1. In ka kwaso Bu ka mayar hagu ya zama u − Bu = f, matiriks ɗin hagun da suka ci wannan jarrabawa, fulos a kan layin tsakiya, mainos ko sifili a gefe, kuma akwai sheda, su ake kira M-matiriks, sunan da Ostrowski ya raɗa musu a 1937 don tunawa da Minkowski. In ka taɓa juya matiriks ɗin nan mai 2 a tsakiya da −1 a gefe, na uku sau uku, wato ka nemo inbas ɗinsa mai warware aikinsa, za ka ga layukan inbas ɗin 3, 2, 1 da 2, 4, 2 da 1, 2, 3 duk a raba da 4, babu mainos ko ɗaya, to ba dace ba ne.

Na intigiral ba sai na daɗe a kai ba, tara nauyi ne kawai da ba ya ƙirguwa, alamarsa ∫. Abu ɗaya dai ka lura da shi, ina intigiral ɗin ya tsaya. In daga 0 zuwa t ne, irin na Volterra, wato abin da ya wuce kaɗai ke tasiri, to da nauyi marar mainos mai iyaka ba ka da damuwa komai girmansa, u(t) = 1 + 5·∫u daga 0 zuwa t amsarsa e^(5t), e ɗin lamba ce wajen 2.718, tana girma kamar hauka amma fulos ce. In kuwa kan dukkan filin ne, irin na Fredholm, amo yana dawowa, u = 1 + λ·∫u daga 0 zuwa 1 amsarsa 1/(1 − λ), lafiya in λ bai kai 1 ba, a 1 babu amsa sam, a 2 kuma −1.

Na difarenshiyal, wato wanda gangare ko lanƙwasar zanen u ke shigowa cikinsa, shi ne asalin gidan ƙa'idar, u″ kuma shi ne ma'aunin lanƙwasar. −u″ = f, da f marar mainos, yana nufin zanen u ya lanƙwasa kamar kifaffiyar ƙwarya, in bakunan biyu ba su nutse ba ciki ba zai nutse ba. In an ƙara c·u a hagu kuma c fulos ne, je ka wurin da ya fi ƙasa ka ɗauka mainos ne kuma a ciki yake, a nan u″ ba mainos ba ne don gindin kwari ne, kenan −u″ bai wuce sifili ba, c·u kuma mainos, hagu ya zama mainos alhali dama ba mainos ba, ƙarya ta ƙare. Eberhard Hopf ne a 1927 ya tabbatar da ƙaƙƙarfan nau'in wannan ga manyan ikweshan masu fuskoki da yawa. Inda ɗalibai ke ruɗewa shi ne in c mainos ne, sai su ce shi kenan ƙa'ida ta mutu. Ba ta mutu ba, tana da sauran numfashi har zuwa wani mizani. −u″ − λu = f a tsakanin 0 da π da sifili a bakuna biyu, ƙa'idar tana nan muddin λ bai kai 1 ba, a 1 cif kuwa −sin x ya shigo, yana warware ikweshan ɗin da f = 0 kuma mainos ne duk cikin. In tsawon filin L ne mizanin π²/L² ne, wato gajeren fili yana jure mainos mai yawa, dogo kuwa ɗan kaɗan ya kayar da shi. In ka ɗan haura mizanin kuma abin mamaki, ka zuba f fulos amsar ta fito mainos ko'ina a ciki, Clément da Peletier suka nuna haka a 1979, kuma in ka tuna 1/(1 − λ) na ɗazu ba zai zame maka baƙo ba.

Wanda ya fi ba ni sha'awa dai shi ne mai jinkiri, wataƙila don na daɗe ina zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas wurin wani kawuna dillalin kayan gwari. Tumatir ya yi ƙaranci, farashi ya tashi, kowa ya ɗaga waya ya kira Arewa a loda, amma mota ba yau za ta iso ba sai ta yi kwanaki a hanya, kuma duk wanda ke lodi a can labarin ranar da aka kira shi yake aiki da shi ba na ranar da kayan za su sauka ba. Ranar da motocin suka jeru sai kasuwa ta cika ta batse, kwando ya faɗi, a koma kiran a dakata, bayan kwanaki kuma a sake shiga ƙaranci. A lissafi x shi ne giɓin, wato ƙarancin kayan, x′ saurin canjinsa, a ƙarfin martanin 'yan kasuwa, kuma x′(t) = −a·x(t − τ), ana rage giɓin yau gwargwadon yadda yake kwana τ da suka wuce. Da babu jinkiri amsar e^(−at) ce, tana saukowa a hankali ba ta taɓa sifili. Sa a = 1 da τ = 1, ka ce giɓin 1 ne duk lokacin baya, sai x ya zama 1 − t har zuwa t = 1 inda ya taɓa sifili, kuma bai tsaya ba don har yanzu tsohon labari yake ji, a t = 2 ya kai −½. Mizanin a nan shi ne ka ninka a da τ ka gwada da 1/e, wajen 0.368. In ya wuce, kowace amsa sai ta yi ta tsallaka sifili sama da ƙasa, ba makawa. In bai wuce ba akwai amsar da ke zama fulos har abada, kuma in ka faro da tarihi marar mainos wanda bai fi darajar farawa ba, kamar 1 ɗin nan a shimfiɗe, taka ma fulos za ta zauna. Kada dai ka zarce ka ce kowane tarihi mai fulos, in giɓin baya ƙato ne sannan ya faɗo dab da farawa, tsohon labarin zai iya jan ka ƙasa ko da a·τ ƙarami ne.

Mu koma kan yaron nan. Na ce masa ƙanina rufe kod ɗin, rubuta min layi ɗaya, sabon zafi a ɗigo ɗaya daga ina yake zuwa. Ya rubuta: sabo = r·hagu + (1 − 2r)·tsakiya + r·dama, inda r shi ne k·Δt/Δx², k saurin bazuwar zafi a ƙarfen, Δt takun lokaci, Δx kuma tazarar ɗigo da ɗigo. Na ce nawa ne r ɗinka. Ya danna waya, k 1 ne, Δx 0.1, Δt 0.006, r ya fito 0.6. Na ce to nauyin tsakiya fa? Ya yi shiru, sannan ya ce mainos 0.2, sannan ya dafe kai don ita ce lambar da ta hana shi barci kwana biyu, ga ta zaune a fili. Jimillar nauyin 1 ce daidai amma ɗaya daga ciki mainos ne, tambayar farko ma bai ci ba. Magani r kada ya wuce rabi, ya mayar da Δt 0.004, r ya koma 0.4, nauyin 0.4 da 0.2 da 0.4, zanen ya kwanta luf kamar ba shi ba. Na kuma ja masa kunne cewa ranar da ya raba Δx biyu don zane ya yi kyau sai ya raba Δt huɗu, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba.

In kuma ba ka son wannan takurar, ka koma hanyar da ake ɗaukar maƙwabtan a sabon lokaci a warware su tare, a nan in ka gyara zama nauyin maƙwabta biyun jimillarsu 2r/(1 + 2r), wadda ba ta kaiwa 1 komai girman r, tsohon zafin kuma yana shigowa da fulos, don haka mainos ba shi da ƙofa. Ita kuwa hanyar Crank da Nicolson ta 1947 da malamai ke yawan yabo, gaskiya ne ba ta fashewa a kowane r, amma rashin fashewa daban rashin mainos daban, nauyin tsohon tsakiya a cikinta 1 − r ne, wannan hujjar tamu tana rufa maka asiri ne kawai in r bai wuce 1 ba, ka ba ta r babba da zafi mai tsini ka ga ƙananan mainos suna leƙowa. Haka in akwai iska ko ruwa mai kwasar abin zuwa gefe ɗaya da gudu b, kuma ka auna gangaren da maƙwabta biyu daidai wa daida, nauyin maƙwabci ɗaya yana komawa mainos da zarar b·Δx/k ya wuce 2, sai ko dai ka ƙanƙanta Δx ko ka auna gangaren daga ɓangaren da iskar ke fitowa kawai.

Batir ɗinsa ya mutu yana cikin ajiye fayil ɗin, dole muka roƙi mai shayi ya ba mu soket ɗin janaretonsa, ya ce sai mun ƙara kofi bibbiyu, yaron ne ya biya.